Dubu Tamanin a Minti Ɗaya

Ni na zaɓo wa asibitinmu saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. A gwajin da kamfanoni ke auna irinta da shi, ta amsa buƙata dubu tamanin a minti ɗaya. Har firam na yi wa takardar sakamakon na rataye a ofis, don mai shakka ya gani.

Mai shakkar ɗaya ce, Baba mai fayil, wadda ta shekara talatin tana jera katin asibiti.

"Injiniya, masu gwajin nan da nas-nas ɗinmu suka gwada?"

"Baba, lissafi ba ya ƙarya."

"To, Allah ya sa," in ji ta. Satin nan na sa aka kwashe littattafanta zuwa sito.

Shi gwajin, aiki yake turowa daidai wa daida, kamar ɗigon famfo. Nas-nas ɗinmu kuwa a takarda suke rubuta komai tun safe. Sai ƙarfe biyu, lokacin miƙa aiki, duk ɗakuna su zuba wa kwamfuta lokaci guda. In ta yi nauyi su yi ta dannawa, kowace dannawa kuma sabon kaya ne a kanta. Kullum saba takan sume na minti ashirin ko fiye. Na sani sarai, amma girman kai rawanin tsiya ne. Na yi ta cewa gobe zan duba.

Ranar Talata ƙanwata ta haihu, jini ya ɓalle mata. Biyu da minti biyar na isa ɗakin ajiyar jini a guje. Rukuninta mai wuyar samu ne, kuma sakamakon da ke nuna ledar jinin da ta dace da ita yana cikin saba.

"Oga, allo ya tsaya," in ji mai kula da firij. "In na ba da wadda ba ita ba, ni na kashe ta."

"Ina littafin rajista?"

"Kai ka ce a kai sito."

Biyu da ashirin da bakwai saba ta farfaɗo, ta amsa cikin ƙiftawar ido: leda uku. Na hau bene da su a ƙirjina, na tarar da mijin ƙanwata zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

Baba mai fayil ta zo gaisuwar mutuwa. Na so ta zage ni, wallahi na so. Hannuna kawai ta riƙe ta ce, "Sannu, ɗana."

Takardar tana nan a bango. Na sake gwajin sau uku, ko zan kama ta da ƙarya. Dubu tamanin ne cif.