Iyaka ta Biyu a Gonar Baba Ishaya

A goye Kabo ya shigo gidan Baba Ishaya na Rimaye, ranar da uwarsa Mairama ta tare. Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan, amma bakin mutane bai gaji ba. Ko a ƙofar coci, in an tashi sujada, sai ka ji wata ta ce, "Wane Kabo? Au, agolan nan." Mutum da furfura a gemu, wai har yanzu agola!

Da aka gama kaka, tsohon ya ce zai raba gandu tun yana da ransa. Kabo bai yi wa kansa ƙarya ba: agola ba ya gado. Abin da ke cin ransa shi ne inda zai noma abin da 'ya'yansa biyar za su ci baɗi. A ɓoye har ya je Kusada ya nemi aron gona, aka ce ya dawo.

Ranar rabo aka tono saiwar gamba, don da ita ake dasa iyaka. Habila da Iliya, 'ya'yan cikin tsohon, suka ɗauko ta. Malam Sufyanu, maƙwabcinsu mai koyar da allo, ya zo shaida. Kabo kuwa ya saɓi fartanya, don aikin da ya ga ya dace da shi ke nan. Tun kafin tsohon ya ƙaraso da sandarsa, ya auna tsakiyar gonar ya haƙa ramuka a jere, layi ɗaya, kashi biyu.

Baba Ishaya ya tsaya ya dubi layin.

"Wa ya sa ka wanga aiki?"

"Na ce in rage muku wahala, Baba."

"Ka ƙara mana dai. Cike su. Layi ɗaya yana raba gona uku?"

Kabo ya sunkuyar da kai. "Baba, ai na san matsayina."

"Ka san me? Zo nan." Tsohon ya dafa kafaɗarsa. "Ni da kake gani, a gidan masu tsafi aka haife ni. Ran da na zo wurin Yesu, ban zo da komai ba sai zunubina. Allah bai ce mini in tsaya a zaure ba. Ɗa ya kira ni, ya ba ni gado tare da Ɗansa. Ni ma agola ne a gidan Allah, Kabo. Da wane ido zan dube shi in na hana ka?"

Habila ya yi dariya. "Yaya, mu tun bara muka sani. Kai kaɗai ke ta wahalar zuwa Kusada."

Ashe har wannan sun sani. Kunya ta kama Kabo, daɗi kuma ya fi kunyar, hawaye suka zubo bai ko share ba. Ya buɗe baki zai yi godiya, abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode Allah."

"To, ni dai shaida na zo," in ji Malam Sufyanu, "rana kuma tana yi."

Kabo ya cike ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, aka sake auna gonar kashi uku, ya haƙa layi na farko. Da ya zo haƙa layi na biyu, sai Iliya ya karɓe fartanyar daga hannunsa, ya miƙa masa gamba.

"Yaya, mai gona shi ke dasa iyakarsa."