Ranar da Aka Ɗauki Gidan Eufemia

Sau uku Punta Garza, ƙauyen masunta, tana gudu daga bakin teku, kuma duk gudun da gidajenta a kafaɗa. Haka aka gada: in ruwa ya fara lasar ƙafafun gida, sai maza su zura gora a ƙarƙashinsa, su ɗauke shi cak zuwa tudu. Bana saura gida ɗaya, na tsohuwa Eufemia, wanda kakanta ya fara kafawa tun wurin ba kowa sai ƙaguwa da sauro.

Da hantsi gari ya kaure da shagali. Ganga na tashi, mata na dafa kifi da ruwan kwakwa. Eufemia kuwa ta hakimce a kujerarta cikin ɗaki, don mai gida ba ya sauka.

"Gwaggo, me kika ci ne?" in ji Casimiro, ɗan ƙanenta, yana nishi a ƙarƙashin gora. "Ke kaɗai kin fi gidan nauyi!"

"Ragon banza! Ubanka da kafaɗa ɗaya ya ɗauke ni!"

Aka kwashe da dariya, gida ya tashi sama. Katako na kuka, kaji na tsere, ita tana leƙe ta taga tana ba da umarnin da ba mai ji. Murna ta cika ta har ta manta da ciwon gwiwa.

A tudu aka dire shi lafiya, ko ƙusa ba ta fita ba. Aka yi shewa, maza suka zube a ƙasa. Eufemia ta buɗe ƙofa, sai ta ga sabuwar hanyar mota a gabanta. Teku na bayan gida.

"Ku ɗaga!" in ji ta.

"Haba Gwaggo! Kowa fa hanya ya kalla yanzu. Ta nan masu sayen kifi ke zuwa."

"Baudilio ta hanya ya tafi?"

Ganga ta tsaya. Tun Casimiro yana yaro mijinta Baudilio ya tura kwale-kwale cikin teku bai dawo ba, kuma tun ranar fitilar ƙofarta ba ta taɓa kwana a kashe ba.

Casimiro ya miƙe, ya tofa yawu a tafin hannu.

"Ku tashi, 'yan iska! A juya wa Kawu ƙofa!"

Ganga ta dawo da ƙarfi, gida ya sake hawa kafaɗu. Eufemia ta rungume fitilarta a cinya kada ta faɗi.