Dutsen da Na Ɗauko daga Wurin Tanasi

Duk wanda ya san bakin ruwan Salonika ta ƙasar Girka kafin yaƙi ya san Sabetay ɗan dako. Ni ne. Buhun gishiri biyu nake haɗawa a gadon baya, in hau tsani ina waƙa. Ko Jamusawan da suka kwashe mu Yahudawa zuwa sansanin Auschwitz sun san da zamana. Mu tara muka sauka daga jirgin ƙasa 'yan gida ɗaya, ni kaɗai aka ware, don wani soja ya matsa dantsena kamar mai tayin sa a kasuwa. Sauran takwas ɗin ban sake ganinsu ba. Shekara biyu ina ɗaukar musu siminti a kan ruwan miya da ɓawon burodi, ban faɗi ba ko sau ɗaya. Ban san ko baƙi ɗaya ba, amma masu karatu da yawa ni na ɗauki gawarsu.

Da na dawo, na tarar da wasu a ɗakinmu, matarsu na dafa wake a tukunyar mahaifiyata. Na juya na tafi neman aiki. Na samu wurin wani magini, Tanasi, mutumin Girka, yana shimfiɗe tsakar gidan wani attajiri da farin dutse.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ashe da sauranku? Waɗannan ƙasusuwan ne za su ɗauki dutse?"

Na ce, "Maigida, ƙasusuwan nan sun ɗauki abin da ya fi gidanka nauyi."

Kwana uku ina sauke duwatsu daga amalanke. A kife suke zuwa, a kife ake shimfiɗa su. Rana ta huɗu da hantsi na sa baya ƙarƙashin wani, na miƙe, sai na kasa ɗaga ƙafa. Na san wannan nauyin. Shekara bakwai kafin nan ni na ɗauki dutsen kabarin mahaifina daga wurin masassaƙi har makabarta, don na rantse ba jakin da zai ɗauki dutsen ubana ina raye. Haka ya zauna mini, yana rinjaya wajen kafaɗar hagu.

Na sauke shi, na birkice shi. Rubutunmu ne a jiki, irin na kabari. Na birkice na kusa da shi, da na gaba. Duk haka. Na san an rushe makabartarmu tun kafin a kwashe mu, amma ban taɓa tambayar kaina ina duwatsun suka nufa ba. Na dubi tsakar gidan. An wuce rabi. A kansu nake tafiya, a kansu nake zama in ci burodina.

Na ce wa Tanasi, "Daga ina kake ɗebo waɗannan?"

"Daga inda kowa ke ɗebowa. Rabin gari da su aka gyara. Kife shi, siminti na bushewa."

"Wannan ubana ne."

"To ka ce wa tsohon ya kwanta, mu muna da aiki."

Leburori suka yi dariya. Na ɗaure dutsen da igiyata, na saɓa a baya, na nufi ƙofa. Tanasi yana cewa in na fita da shi kada in dawo. Su biyar ne a wurin, ba wanda ya tare ni. Wa zai fara?

Na ratsa gari da shi ban huta ba, har ɗakin ibadarmu guda da ya tsira. Can na sami Malam Lazar, tsohon malaminmu da ya ɓuya a cikin tsaunuka lokacin yaƙi. Na jingina dutsen a gabansa.

"Malam, karanta mini sunan babana."

Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa. Ya daɗe.

"Sabetay ɗana, wannan mace ce. Joya 'yar Mentesh Beraha. Tana da shekara sha tara ta rasu."

"Sake dubawa, Malam. Idonka ya tsufa."

"Idona ya tsufa, amma ni na yi mata addu'a ranar da aka binne ta. Su goma sha ɗaya ta bari a gidansu. Ba wanda ya dawo."

Na zauna a ƙasa. Ni da ban durƙusa wa Jamusawa ba. Abin da ke yawo a kaina guda ne: kwana uku ina kifar da duwatsu da hannuna, ban birkice ko ɗaya ba.

Da sassafe na koma gidan attajirin. Tanasi ya ƙaro leburori, sun gama. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa na hango wata mata tana watsa ruwa a tsakar gidan, tana bi da tsintsiya. Fari fat, ko layi ɗaya ba a gani. Na tsaya har ta ɗago kai ta tambaye ni wa nake nema.