Sandar da Amobi Ya Sassaƙa

Malam Rufa'i ya tsufa yana ɗaukar sandar majalisar ƙaramar hukuma, kuma in ka biye masa, duk Gombe babu aikin da ya kai nasa. Shi ke shigowa a gaba, sanda a kafaɗa, kansiloli duk a tsaye, kowa da babbar rigarsa da jin kansa. Sai ya kwantar da ita a kan teburi sannan a zauna. In babu sanda, ko sun yini suna surutu, hira suka yi, ba zaman majalisa ba.

Sandar kuwa ba wata ta a zo a gani ba ce. Icen maɗaci ne, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Amobi ne ya sassaƙa ta, wani kafinta ɗan ƙabilar Ibo mai rumfa a Bolari tun kafin keke mai ƙafa uku ya cika titi. A kanta suka ƙulla abota. Wata shekara kansiloli suka tashi tsige shugabansu, aka yi caa a kan sanda, wannan ya ja, wancan ya ja, har ta tsage a wuya. Rufa'i ya fizge ta, ya cusa cikin riga, ya haye acaɓa sai Bolari. Amobi ya gan shi yana haki, hula a karkace, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaure tsagar da zoben tagulla.

Rufa'i yana kewar wancan zamani, har da rigimarsa. Lokacin kansila a cikin unguwa yake kwana, matan unguwar Kumbiya-Kumbiya su tare shi a ƙofar gida kan kwatar da ta toshe, shi kuma ya zo majalisa ya yi ta buga teburi sai an ji. Ana faɗa, amma faɗan na kwata ne da famfo.

Bana labari biyu suka same shi a mako guda. An sayo sabuwar sanda mai ruwan zinariya, mako mai zuwa za ta fara aiki. Sannan idon Amobi ya dushe, 'yarsa Ginika za ta mayar da shi garinsu a kudu.

Rufa'i ya je gidan Amobi a unguwar Herwagana yi masa sallama. Ya tarar da kaya a ɗaure, Amobi a kan benci yana shafa gwiwa.

"Malam, ka ga ƙarshen kafinta," in ji Amobi. "Kujerun da na yi sun karye. Ƙofofina an cire, an sa na ƙarfe. Rumfar ma yanzu gyaran waya ake yi a ciki. Zan bar Gombe kamar ban taɓa zama ba."

Maganar ta soki Rufa'i, ya kasa ko ambaton sabuwar sandar. A hanya ya tuna cewa Amobi bai taɓa taka zauren majalisar ba. Bai taɓa sanin me sandarsa take yi a can ba. Ya wuce wajen shugabar majalisa, Hajiya Bashira, wadda a haife ya haife ta, ya roƙi a bar tsohon ya zauna a bencin baƙi a zaman ƙarshe na tsohuwar sanda. Ta ce ba komai, Baba.

Ranar zaman, Ginika ta riƙo hannun mahaifinta ta zaunar da shi kusa da ƙofa. Kansiloli suka miƙe. Rufa'i ya shigo da sanda a kafaɗa. Ƙa'ida ita ce daga ƙofa sai teburi, ba tsayawa, kuma ba mai taɓa sanda sai mai ɗaukarta. Rufa'i ya fi kowa sanin haka, shi da ya sha buge hannun sababbin kansiloli a kanta. Amma da ya zo daidai bencin baƙi sai ya ja ya tsaya, ya sauke ta, ya ɗora a cinyar Amobi.

Tsohon ya firgita. Sannan yatsunsa suka fara bin icen a hankali, daga gindi zuwa sama, har suka ci karo da zoben tagulla. Nan suka tsaya.

"Malam Rufa'i, ƙafafunmu fa!" wani kansila ya yi gunaguni.

Hajiya Bashira ta dube shi sau ɗaya, ya ja bakinsa.

"Ginika, me ya sa wurin ya yi tsit?" Amobi ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Baba, duk a tsaye suke."

"Dukansu? Me suke jira?"

Rufa'i ya sunkuya kusa da kunnensa. "Kai suke jira, Amobi. Duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa zama a zauren nan sai aikinka ya kwanta a kan teburi. Yau ma ba mai zama sai ka ba ni."

Amobi ya ɗaga fuska wajen mutanen da ba ya gani. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. Ya ƙara damƙe sandar da hannu biyu.

"To, su ɗan ƙara tsayawa," in ji shi.