Kumatun Ubandawaki Kalla

Na dawo daga karatu a Dakar cikin 1938, aka ba ni aikin rubutu a biro, wato ofishin kumandan, Baturen mulkin Madawa. A bangon biron akwai hoton kakana, Ubandawaki Kalla, wanda wani Bature ya zana da fenti kafin kakan ya rasu. Aiki ne mai kyau. Shuɗin rawanin yana sheƙi, hannun da ke kan takobi kamar zai motsa. Na faɗi haka a gida.

Kakata Zaliha, matarsa, ta ji. Idonta ya kusa tafiya, tana son ta gan shi kafin nan. Ta hau jaki daga Azarori, ta iso ranar Lahadi. Manzo, gardin da ke tsaron biron, ya buɗe mana.

"Angona, kai ni gabanshi," ta ce mini. "Ban da kishi."

"Ni da na gaje ki, kishin me?"

Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yana zaure. Sannan ta matsa har hancinta ya kusa taɓa hoton.

"Duhu ɗai nika gani. Hwaɗa mini."

Na gaya mata yadda haske ya faɗo daga hagu, yadda inuwa ta kwanta a wuya. Abin da aka koya mana a Dakar ke nan.

"Bar wanga. Askar Gobir hwa? Shida ga dama, bakwai ga hagu. Ta ƙarshe ta karkace, ya motsa hannun wanzami."

Na duba. Wata uku ina zaune a ƙarƙashin hoton ban lura ba. Kumatun sumul suke. Wataƙila Baturen ya ɗauka tabo ne, ya yi masa gyara.

"Tana nan," na ce.

"Aza mini hannu."

Manzo ya ce an hana taɓawa, sannan ya juya baya. Na ɗora mata hannun. Fentin yana da kauri a rawani da gemu, ta ji su. Yatsunta suka bi daga gefen baki zuwa kunne, sau uku.

"Wanga ɗan wane gida na?"

Ta janye hannunta.

"Kun rataye baƙo," ta ce.

Ta ƙi kwana. Na raka ta har bayan gari, ina riƙe da igiyar jakin. Can ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Jiya in na ruhe ido ina ganinshi. Yanzu santsin nan ɗai nika ji."