Dungulmin Malam Zubair

"Ja a hankali, Abdulmumini," in ji Malam Zubair.

Na durƙusa a zaurensa na zare masa ƙafar roba. Tsumman da ya naɗe dungulmin da shi ya manne da nama. Wari ya sa na kau da kai, sai kuma na ji kunya.

Shekara ashirin katangarmu ɗaya. Tun da mota ta buge shi a hanyar Ɗambatta aka yanke ƙafarsa ta hagu ƙasan gwiwa, bai fasa noman albasa a Watari ba. Amma fatar wurin ba ta jure gugar robar. Kullum sai ta tsage.

'Yarsa Aina'u, mai aiki a ƙaramin asibitin garinmu, ta fito da ruwan ɗumi. Tana wanke ciwon ta ce, "Baba, na karanta likitoci na wani gwaji a ƙasar waje. Suna ɗibar ƙwayoyin fatar tafin ƙafa, su raine su, su yi allurarsu a dungulmi don ya yi kauri."

Ya ɗaga tafin ƙafarsa ta dama, duk kaushi da faso. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa na manta.

"Ga shi nan. Su zo su ɗiba."

"Gwaji ne, Baba. Bai iso nan ba."

"Zai iso."

Na ce ya ajiye robar, ni zan riƙa yi masa ban ruwa. Ya ce shi bai zama kaya ba tukuna.

Bayan sati uku zazzaɓi ya kwantar da shi, dungulmin ya yi baƙi. Muka kai shi Kano. Likita ya ce ciwon ya kusa shiga jini, sai an sake yankewa a cinya.

Malam Zubair ya ƙi. "In kuka yanke, a ina za a yi mini allurar?"

Aina'u ta riƙe hannunsa tana roƙo. Ni ma na roƙa har muryata ta dushe. Sai a kwana na huɗu ya yarda, lokacin kuwa likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki aiki ba.

Ya rasu ranar Talata da hantsi.

Ranar sadakar uku Aina'u ta tsaya a bakin zaure ta gaishe ni.

"Baba Abdulmumini, da na yi shiru da maganar allurar nan."

Na ce kwana ne ya ƙare.

Da la'asar na je gonarsa. Albasar ta fara langaɓewa. A busasshiyar laka, gefen fangali, ga sawunsa: ɗaya mai yatsu biyar ya nutse, ɗaya ko alamar yatsa babu. Na tsallake su, na buɗe ruwa ta ɗaya gefen.