Ƙofar Ruwan Bai Nedyalko

Zlatina ta farka ta tarar mahaifinta ba ya gadonsa, takalmansa na roba ma babu su a bakin ƙofa. Shida ga Mayu ce, ranar bikin Waliyyi Georgi, maƙwabta har sun sa ɗan rago a wuta, ita kuwa ta san abin da ranar take nufi a wurin tsohon. Shekara arba'in Nedyalko ya yi yana aikin gishiri a gaɓar teku kusa da garin Burgas, kuma a wannan rana yake buɗe wa teku ƙofa ya cika kududdufan da ake haƙo gishirin. Kamfanin ya daɗe da rufewa. Tsohon ya manta da wannan, ya manta inda ake ajiye cokali, amma kwanan watan nan ya ƙi fita daga kansa.

Ta haye keke ko kai ba ta taje ba. Kududdufan yanzu na tsuntsaye ne, masu dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen baki, waɗanda ke tasowa daga Afirka duk shekara su yi ƙwai a kan wata gajeriyar jinga. Ƙungiyar da ke kare su ce ta ɗauke ta aikin lura da ruwan. Jiya ta ƙirga sheƙa sittin da uku, duk a ƙasa, don bayin Allahn nan ba su da wayon hawa bishiya. Tsakanin ƙwai da ruwa yatsa huɗu ne kacal.

Tun daga nesa ta ji ihun tsuntsayen. Ga tsohon can a kan tsohuwar ƙofar ruwan da kowa ya ɗauka tsatsa ta gama da ita, ya riƙe ƙugu, teku na kwarara ƙarƙashin ƙafafunsa.

"Tate!" ta ƙwala wa mahaifin nata kira. "Rufe ta, don Allah! Ƙwai za su nutse!"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke kuma 'yar waye, da kai kamar tsintsiya? Matsa can, aiki nake."

Ta kama ƙarfen murɗa ƙofar da hannu biyu, ta ja har tafinta ya ɗaye. Ko motsi. Ƙofar nan akwai inda ake bugunta kafin ta juya, kuma duk garin shi kaɗai ya sani. Ta waiga jingar. Ruwa ya ci yatsa biyu, wata uwa tana tsaye kan sheƙarta tana ɗaga ƙafa.

"Gishiri ba ya jiran malalaci," in ji tsohon, har da dariyarsa. "Bana sai mun kunyata masu gishirin garin Pomorie."

Abin da ta rantse ba za ta taɓa yi masa ba, wato ƙarya, shi ya rage. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaure fuska, ta kira shi yadda ma'aikata ke kiransa a da, da laƙabin girmamawa na "Bai".

"Bai Nedyalko! Daga ofis aka aiko ni. Manaja ya ce wa ya ba ka izinin buɗewa yau? A rufe yanzun nan!"

Nan take tsohon ya cire hula. Kafaɗunsa suka sauka, wannan mutum da bai taɓa rusuna wa kowa a gabanta ba. Ya ɗauki dutse, ya bugi gindin ƙarfen sau biyu, ya murɗa. Ƙofar ta yi ƙara ta sauka, ruwan ya tsaya. Sheƙa biyar na bakin jingar sun riga sun tafi, sauran suna nan.

Ya tsaya yana kallon ƙwan da ke yawo a kan ruwa, yana murza hular a hannu.

"Ranki ya daɗe, a yanke min albashi, na yarda," ya ce a hankali. "Amma kada a faɗa a gidana. Ina da 'yar ƙaramar yarinya, Zlatina, tana son tsuntsayen nan kamar me. In ta ji ni na yi wannan, ba za ta ƙara yi min magana ba."